Yadda Na Mai da Manomin Gyaɗa Likita

Bari in fara da gyara muku abu ɗaya, tunda na ji har sababbin ma'aikatan da aka ɗauka watan jiya an ba su labarin. Ban kama likitan bogi ba. Babu wani likitan bogi da ya taɓa shigowa asibitin nan, kuma babu wani kaifin ido da na nuna. Wasu na cewa kallo ɗaya na yi wa hannunsa na gane shi. Wata 'yar ɗakin kati ma cewa ta yi an gaya mata na cakumi rigarsa ina kiran maigadi. Duk ba haka aka yi ba. Ni ce da hannuna na yi wa manomin gyaɗa rajista a matsayin likita, na sa hannu na tabbatar, ya kwana uku da ikon rubuta mofin bai ma san yana da shi ba. Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da abin ya tonu ba, kuma gara ku ji daga bakina.

Sunana Sa'adatu. Daga wajen Minjibir nake, amma aiki ya kawo ni nan ƙasar Dawakin Tofa, ina zaune wurin gwaggota. Sakandare na gama, na ƙara da koyon kwamfuta na 'yan watanni, aka ɗauke ni mataimakiya a ɗakin magani. A lokacin da nake ba ku labari ina wata na huɗu cikin wata shida na gwaji. Gwaji na nufin ba a tabbatar da ke ba tukuna. Kuskure ɗaya mai nauyi ya isa a ce ki koma gida. Ni kuma ban da niyyar komawa gida in zauna ina sauraron masu tambayar ya aka yi.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, a ɗakin magani akwai wata durowar ƙarfe mai makulli biyu. Abin da ke ciki muna kiransa maganin kulle: mofin, fetidin, da sauran masu ƙarfi irin waɗanda ake yi wa mai karaya ko wanda aka yi wa tiyata. Su ne kuma waɗanda 'yan shaye-shaye ke nema ido rufe. A da, likita takarda yake rubutawa ya sa hannu ya buga hatimi. To sa hannu ana kwaikwayonsa, hatimi kuma ana sassaƙa shi a kasuwa. Shi ya sa ofishinmu na Kano, wanda ke kula da ƙananan asibitocin ƙungiyarmu, ya kawo na'ura. Yanzu likita a na'urar yake rubuta maganin kulle, ya dangwala babban yatsansa, sai saƙon ya fito a ɗakin magani. In babu yatsa, babu magani.

Amma kafin na'ura ta san yatsan likita, sai an yi masa rajista, kuma ni aka ba wannan aikin saboda ni ce mai kwamfuta. Hajiya Binta, babbar mai kula da magunguna a ofishin Kano, ita ta koya mana. Mataki shida ne. Ki ga mutumin ido da ido. Ki karɓi katinsa na ɗan ƙasa da lasisin aikinsa na likita. Kyamara ta gwada fuskarsa da hoton katin. Ya faɗi sunansa da lambar lasisinsa da bakinsa, ba tare da ya duba takarda ba. Ya dangwala yatsa. Sannan ke ki sa hannu cewa kin tabbatar shi ne. Hajiya ta maimaita na huɗun har sau uku. Ni a raina na ce wannan ɓata lokaci ne, wa zai zo ya ce shi likita ne a asibitin da likitansa ɗaya tal.

Likitan namu shi ne Dakta Husaini. Kun san shi. Ɗan garin nan ne, ya kai shekara hamsin da wani abu, kuma tafiyarsa kamar ana binsa. Ba ya gaisuwa. In ya ce miki sannu a baranda, to ranar ya samu barci. A wata huɗun nan ban taɓa zama da shi na minti biyu ba. Gefen fuskarsa na sani da bayan rigarsa.

Ranar Litinin aka ce in yi masa rajista, don ranar Laraba za a daina karɓar takarda. Tsakiyar damina ce, ana maimai, zazzaɓi ya cika asibiti. Layin tagar magani ya kai har gindin darbejiya. An ɗauke wuta tun safe, cajin na'urar saura kaɗan. Sau uku na aika a kira Dakta, sau uku aka ce yana tiyata. Dab da azahar, ina cikin haushi, sai ga mutum a bakin ƙofa da shuɗin kaftani da hula, riƙe da ambulan. Fuskar Dakta ce sak, har da furfurar da ke gefen gemu.

"Salamu alaikum. 'Yata, ina wuni? Ya aiki? Ya ruwa? Ya baƙunta? Ya aka baro mutanen gida?"

"Lafiya lau. Zauna nan."

"Madalla. Ya mai jiki, in akwai? Ya gwaggon taki, na ji an ce..."

"Tana lafiya. Kawo takardun."

Ya miƙo ambulan ɗin da hannu biyu. Katin ɗan ƙasa yana ciki, lasisi yana ciki, sunan Dakta Husaini a jikin duka biyun. Ya gyara zama ya ce, "To wato 'yata, abin da ya kawo ni shi ne, ya ce in..."

"Na san abin da ya kawo ka. Tun safe nake jira. Cire hula."

"Hula kuma?"

"Kyamara ba ta son hula."

Ya cire ya ɗora a gwiwa kamar ɗan firamare. Kyamara ta dubi fuskarsa ta dubi hoton kati, ta nuna kore. Sai mataki na huɗu, inda zai faɗi suna da lamba. Na dubi caji, na dubi layi, na ce a raina ga lambar nan a rubuce a gabana, me zan yi da jin ta daga bakinsa. Na buga ta da kaina na wuce. Da muka zo yatsa, na'urar ta ƙi karɓa. Fatar yatsan ta yi kauri, ta tsattsage kamar bayan tukunya. Na ɗauko basilin daga jakata na shafa masa, na kama yatsan na danna da ƙarfi, ta karɓa. Kada ku ce ban lura da hannun ba. Na lura. Cewa na yi ai da damina kowa a ƙasar nan manomi ne, har limami.

Ana cikin haka Sista Rahila, shugabar nas-nas, ta wuce ta bakin ƙofa. Ta leƙo ta ce, "A'a, Malam, an shigo? Ya gona?" Ya ce, "Gona alhamdu lillahi, saura gefen rafi." Ta wuce abinta. Na ɗan yi mamakin yadda ta kira Dakta da Malam, amma ban tsaya tunani ba. Na sa hannu. Ya mai da hularsa, ya sa mini albarka har da iyayena da waɗanda zan haifa, ya tafi a hankali. Har na gaya wa abokiyar aikina cewa ashe Dakta mutumin kirki ne in ya cire farar riga.

Talata da Laraba babu wanda ya buƙaci maganin kulle. Sai ranar Alhamis da hantsi aka shigo da Baba Tanimu a kan amalanke. Tsoho ne, manomi, jan bijiminsa na huɗa ya firgita ya tankaɗe shi, garma ta faɗo masa a cinya. Ƙashin ya karye. Maza huɗu suka ɗauko shi daga gona, duk taɓo har gwiwa. Aka bar su a baranda, aka shiga da shi. Ina jin muryarsa tun daga ɗakin magani, rabi salati, rabi zagin bijimin da uwar da ta haife shi.

Dakta ya duba shi ya ce a kawo na'ura, mofin zai rubuta kafin a taɓa ƙafar. Na kawo da sauri, ina jin kaina, don wannan ne karon farko da za a yi amfani da aikina. Ya rubuta, ya dangwala. Na'ura ta nuna ja. Ya sake, ja.

Na ce, "Dakta, goge yatsan a goshi, ya bushe ne."

Ya harare ni, amma ya goge. Ja.

"Bari in ɗauko basilin, kamar na ran nan."

"Wane ran nan?"

"Ran Litinin, da na yi maka rajista."

"Ni Litinin ina tiyata har la'asar. Yaushe na sa yatsa a wannan abin?"

"Kai ka zo mana. Da shuɗin kaftani. Har ka tambaye ni gwaggota."

Sista Rahila ta dube ni. Ta ce, "Dakta ya tambaye ki gwaggonki?"

Dakta ya ce, "Hasan na tura. Ba hoton kati ba ne? Aka ce hoto za a ɗauka."

Ban gane ba tukuna, sai da Sista ta ɗaga labule ta kira, "Malam Hasan, ɗan shigo." Ɗaya daga cikin mazan da suka kawo Baba Tanimu ya shigo, wandonsa a naɗe, taɓo har gwiwa. Na dube shi, na dubi Dakta. Na sake dubansa, na sake duban Dakta. Fuska ɗaya ce, ɗaya da farar riga yana huci, ɗaya da taɓo yana murmushi.

Ya ce, "A'a, 'yata ce. Ina kwana? Ya aiki? Ya gwaggon taki?"

Daga baya kowa ya ce ai sunan ma ya isa ya gaya mini, wa ya taɓa ganin Husaini babu Hasan. Ni na gani. A ajinmu akwai Husaini, shi kaɗai aka haifa. Abin da ban sani ba, wanda duk garin suka sani har suka manta baƙo bai sani ba, shi ne Malam Hasan ne wakilin Dakta a komai. Tun da Dakta ya dawo daga karatu ba ya samun sukuni, don haka ɗan'uwansa ke zuwa masa ta'aziyya, shi ke zuwa suna, shi ke zama a ɗaurin aure, shi ke zuwa taron iyayen yara a makaranta. Ba wanda ake yaudara. Kowa ya san Hasan ne, kowa kuma ya karɓa a kan Dakta ya zo. Ba a ma buƙatar duban fuska. Wanda ya tsaya ya gaishe ka, Hasan ne.

Baba Tanimu ya yi wani nishi daga kan gado. Ya ce, "Ku bayin Allah, zumuncin nan ba za ku iya yin sa bayan allura ba?"

To a nan ne sai in bayyana muku jan fom. In na'ura ta ƙi aiki kuma ga mara lafiya cikin ciwo, akwai wata jar takarda a saman durowar ƙarfe. Likita ya rubuta, shi da shugabar nas-nas su sa hannu, a ba da magani nan take. Ba ya ɗaukar minti biyar. Sai dai duk wanda ya yi amfani da jan fom, dole a kira ofishin Kano kafin awa ɗaya a faɗi dalilin da ya hana na'ura aiki.

Sista ta ja ni gefe, ta rage murya. Ta ce, "Sa'adatu, in aka cika jan fom sai an tambayi dalili, dalilin kuwa ke ce. Saura miki wata biyu. Ga yatsan nan tsaye a gabanmu, Allah ma ya kawo shi. Dakta ne ya duba, Dakta ne ya rubuta, shi dannawa kawai zai yi. Daga baya ma san yadda za a gyara."

Dakta ya ce, "A yi abin da za a yi. Hasan, wanke hannu."

Malam Hasan ya je bakin famfon da ke kusurwa, ya ɗauki sabulu, ya wanke hannu har gwiwar hannu, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, irin yadda ya taɓa ganin ɗan'uwansa na yi. Ya dawo da babban yatsa a sama, yana tsare shi kada ya taɓa komai. Ya ce, "Bismillahi. Ina wurin? 'Yata, ko sai an shafa man nan?"

Baba Tanimu ya ce, "Ku dangwala ko da kofaton bijimin ne, ni dai in ji sauƙi."

Na'urar tana hannuna. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron Allah ne ya fara zuwa mini ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne fuskar gwaggota in na dawo da kayana, da maganar da mata za su yi a gidan biki. Na ma ɗan miƙa na'urar. Sai na tuna da jan fom a saman durowa, na dubi yatsan, na ga ashe duk ɗaya ne a wurin Baba Tanimu. Ta nan minti biyar, ta can minti biyar. Yatsan Malam Hasan ba tsohon zai ceta ba, ni zai ceta. Har ma duk wannan shawarar da wankin hannun, tsoho yana kwance da karyayyen ƙashi ne yana jira a rufa mini asiri. Kuma in aka danna yau, ba kuskure ba ne kuma, ganganci ne. Ran Litinin ban sani ba, yau na sani. Gobe in an kawo wani, sai a aika gona a kira Malam Hasan. Jibi in yana kasuwar shanu, sai a bi shi can.

Na rungume na'urar a ƙirjina. Na ce, "Sista, ɗauko jan fom."

"Kin ji abin da na gaya miki kuwa?"

"Na ji. Ɗauko. Ni zan kira Hajiya."

Dakta ya dube ni, karo na farko da ya taɓa dubana gaba da gaba. Ya zare biro ya rubuta, Sista ta sa hannu tana girgiza kai, muka je ɗakin magani muka buɗe durowa da makullanmu biyu. Kafin Malam Hasan ya sauke yatsansa an yi wa Baba Tanimu allura. Ya sauke shi a hankali, ya dube shi, ya ce, "To, an wanke a banza ke nan." Ba da jimawa ba tsohon ya daina zagin bijimi, ya koma cewa ai dabbar kirki ce, ƙuda ne ya cije shi.

Da aka gama ɗaure ƙafar, na kira Hajiya Binta. Na gaya mata na yi wa wanda ba shi ba rajista. Ta ce ba ta gane ba, in kira ta ta bidiyo. Na kira, na juya wayar wajen su biyun suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Ta ce, "Sa'adatu, wayarki ce ke nuna mini mutum biyu, ko idona ne?"

"Biyu ne, Hajiya."

"Wanne ne likitan?"

Kafin in amsa Malam Hasan ya matso kusa da wayar ya ɗan rusuna. "Hajiya, barka da hantsi. Ya Kano? Ya ruwa a wajenku? Ya yara? Ya haƙuri da jama'a?"

Hajiya ta ce, "Na gane wanda ba shi ba."

Sai ta juyo kaina. Ta tambaye ni mataki-mataki. Kin gan shi ido da ido? Na gani. Kati da lasisi? Na karɓa. Kyamara? Ta nuna kore. Ya faɗi suna da lamba da bakinsa? Na hau gyara riƙon wayar. Ta ce, "Ina jin ki." Na ce ban tambaya ba, ni na buga. Malam Hasan ya sa baki don ya taimake ni, ya ce, "Ai Hajiya kada ki ga laifinta, yarinya ce mai himma. Ni ma na so in yi mata bayani, to aiki ya yi mata yawa, ba ta samu jin ƙarshen maganar ba." Da ya yi shiru da ya fi mini.

Hajiya ta ce, "Dakta, kai kuma me ya sa ka tura wani?"

Dakta ya ce, "An ce hoto ne. Hoton katin ma'aikata ma ai shi ya zauna mini, ba wanda ya ce komai."

"Katin da ke wuyanka yanzu?"

"Shi."

Sista ta ƙara da cewa, "Da wanda ke rataye a ofis, na bangon nan."

Hajiya a taƙaice ta yanke hukunci. Ta soke rajistar nan take daga can. Ta ce har sai an gyara, jan fom za mu riƙa amfani da shi, kuma kowane ɗaya sai an kira ta. Dakta kuma ya zo ofishin Kano ranar Litinin a yi masa sabuwar rajista a gabanta, da katinsa da lasisinsa da yatsansa.

Dakta ya ce, "Litinin ina da masu awo da tiyata biyu. Ba yadda za a yi a..." Ya ɗan waiga wajen ɗan'uwansa.

Hajiya ta ce, "Dakta."

Ya ce, "To."

Ya je kuwa. Motar farko ya bi, ya dawo da azahar yana faɗan cunkoso. An ce a can sai da Hajiya ta sa ya faɗi lambar lasisin sau biyu, ta kuma juya tafin hannunsa ta duba.

Ni kuwa takardar tuhuma aka aiko mini, wato in rubuta dalilin da zai hana a hukunta ni. Sista ta ce in ɗora wa kyamara laifin, tunda ita ma ta ce shi ne. Na ce kyamara ba ta sa hannu ba. Layi uku na rubuta: na tsallake mataki na huɗu, mutumin ya yi ƙoƙarin gaya mini ko shi wane ne ban bar shi ya gama ba, laifina ne. Sati biyu ina jira, ko tuwo ba na gama ci. Da amsa ta zo, ba a kore ni ba. An ƙara mini wata uku a kan gwajin, aka kuma hana ni yin rajista ni kaɗai sai da Sista a zaune. Makon jiya aka tabbatar da ni.

Labarin bogi kuwa Baba Tanimu ne tushensa. Yana kwance wata guda, masu dubiya suna zuwa, kuma abin da ya tuna a cikin zafin ciwo da maye na allura shi ne an kawo likitoci biyu, yarinya ta ƙi ɗaya. Daga bakinsa zuwa kasuwa, ɗayan ya zama ɗan damfara daga wani gari, ni na zama jaruma. 'Yan garin da suka san gaskiya suka mai da abin wasa, suna kiran Malam Hasan da Dakta, mata na tsayar da shi a hanyar gona su ce ya duba musu yaro. Shi dariya yake yi, ya ce lasisinsa na kwana uku ne, ya ƙare. Da kaka ma har ya aiko mini da ɗanyar gyaɗa cikin kwano.

Abin da na koya, ku da za ku riƙe na'urar nan bayana, shi ne ba ɓarawo kaɗai matakan nan suke tsarewa ba. A labarin nan babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya nufi sharri. Dakta aiki ne ya yi masa yawa. Malam Hasan zumunci ya yi. Sista tausayina ta ji. Mutanenmu sun saba da wakilci, aure ma da wakili ake ɗaura shi, kuma ba abin kunya ba ne. Amma durowar ƙarfen nan ba ta karɓar wakili, kuma ba wanda zai gaya wa mutane haka sai wadda ke zaune a kujerar rajista. Mataki na huɗu da na raina shi kaɗai ne a cikin shidan da kunne ke yi. Shi ne inda ake yin shiru a bar mutum ya yi magana. Ni kuwa shirun ne ban iya ba.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne shekaranjiya Sista ta gaya mini labarin ya kai ƙauyen da 'yar Malam Hasan take aure, kuma can ba wasa suka ɗauke shi ba. An ce wa yarinyar ai ubanta ne aka kama yana sojan gona a asibiti. Mutumin da laifinsa kawai ya cire hula da aka ce ya cire. Zan kafa takardar nan a allon sanarwa, kuma duk wanda ya sake cewa bogi a gabana zai ji daga gare ni.

Sai kuma na tuna ban taɓa ba shi haƙuri ba. Na katse shi, na sa shi cire hula, na murɗa masa yatsa da basilin, ta dalilina ya wanke hannu a banza. Sista ta ce in bari, gidajensu kusa ne, za ta isar masa da saƙon a madadina. Na ce a'a, ba na tura wakili. Ranar Asabar da kaina zan je gidansa, in tsuguna in gaishe shi, in bar shi ya tambayi gwaggota da awakinta da mutanen Minjibir ɗaya bayan ɗaya har ya gama, sannan in faɗi abin da ya kawo ni. Na riga na nemi hutun rabin yini.